Me yasa filazman haidirojin ya rarake min fuskar daimon maimakon ya gyara ta?

Ɗan uwa na karanta tambayarka har sau biyu. Kace ka saka ɗan ƙaramin daimon gogagge mai fuskar 100 (lambar da ke nuna ta wane ɓangaren kiristal aka yanka shi) cikin filazman haidirojin na maikirowev, wato iskar haidirojin da maikirowev ya zafafa har ta ɗau caji tana haske, kusan awa biyu, da niyyar ya ƙara santsi kaman yanda ka karanta a takardun bincike, da ka fito dashi ka duba a AFM, wato maikiroskof ɗin da ke bin fuska da siririn tsinke yana zana tudu da kwarinta, sai ka tarar da ramuka masu kusurwa huɗu birjik, wasu a jere kaman an ja musu layi, kuma kaushin ya ƙaru maimakon ya ragu. Kana tambaya ko injin ne ya samu matsala ko kai ne ka yi kuskure.

Toh ka kwantar da hankalinka, injinka lafiyarsa ƙalau, kuma waɗanda suka rubuta cewa yana sa santsi basu yi ƙarya ba. Abin da nake so ka riƙe shine filazman haidirojin ba abin goge ƙasa bane da zai bi ko'ina ya daidaita, shi mai neman rauni ne. Inda kabon ya kama ɗan uwansa da kyau sai ya wuce shi, inda ya samu sako-sako nan yake zama ya ci. Dan haka fuskar da zaka gani bayan ka kashe wuta hoton abinda ke cikin daimon ɗin ne tun kafin ka saka shi, ramukan nan da ka gani ba filazma ne ya ƙirƙiro su daga babu ba, tona su kawai yayi.

Bari in fara daga abinda ke faruwa cikin tukunyar. Maikirowev ɗin, yawanci mai gigahaz 2.45, yana dukan iskar haidirojin a matsin da bai kai na iskar waje ba, sai kaga wannan dunƙulen hasken mai ruwan hoda zuwa shuɗi-shuɗi ya tsaya saman faifan molibdinom da ka ɗora daimon ɗin. Cikin dunƙulen nan zafin iskar ya haura digiri 2000, kuma haidirojin da a al'ada yake tafiya bibbiyu a haɗe sai ya rabu ya zama ɗaiɗai. Wannan ɗaiɗan shine mai aikin. Idan ya sauka a fuskar daimon wacce ita kuma take tsakanin digiri 700 zuwa 900, abu biyu yake yi. Na farko yana kama hannun kabon ɗin da ke saman ƙarshe wanda bashi da abokin riƙewa, ya rufe shi. Na biyu, idan ya samu kabon da bai kafu sosai ba sai ya dinga taruwa a kansa ɗaya bayan ɗaya har ya ɓalle shi ya tafi a matsayin iska, miten (iskar da kabon da haidirojin suka haɗa) ko danginta. Kuma yana cin kabon irin na girafait, wato irin na bakin fensir, da sauri sosai fiye da yanda yake cin na daimon, wannan bambancin shine asalin da yasa ake iya shuka daimon daga iska tun farko. Masu bincike na cibiyar NIRIM da ke Tsukuba a Japan da suka fito da hanyar zazzafar waya a 1982 da ta maikirowev a 1983, haɗin da suka dogara dashi kenan, miten kusan kashi 1 cikin ɗari sauran duk haidirojin, miten na kawo kabon, haidirojin na share duk wanda ya zauna a karkace. Kai da ka rufe miten ka bar haidirojin zalla, ka bar mai sharar ne shi kaɗai yana aiki ba mai kawo sabon kaya.

Yanzu ina santsin yake fitowa? Fuskar kiristal ko wacce ka ga tana sheƙi ba shimfiɗa ɗaya bace, matakala ce. Akwai fili, sai ɗan mataki, sai wani filin. A fuskar 100 tsayin mataki ɗaya kusan nanomita 0.089 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wato rubu'in faɗin ɗakin kiristal ɗin daimon wanda yake 0.357. Kabon da ke tsakiyar fili a kafe yake, wanda ke bakin mataki kuwa gefensa a buɗe yake, wanda ke lungun mataki ya fi kowa rauni. Sai haidirojin ya dinga cin bakin matakan yana ja dasu baya kaman yanda ruwa ke cin gaɓar kogi, ƙananan tudun da gugar ta bari suna da baki ta ko'ina dan haka sune ke fara ɓacewa, a hankali sai a samu filaye masu faɗi. A kan filayen nan kabon ɗin sama suna haɗuwa bibbiyu su jeru layi-layi kowanne riƙe da haidirojin ɗaya, shine tsarin da zaka ga ana rubutawa 2x1, kuma layin da ke wannan filin yana gicciye da na filin da ke ƙasansa da digiri 90. A fuskar 111 kuwa ba sai sun haɗu bibbiyu ba, kowanne ya riƙe haidirojinsa ya tsaya inda yake, tsarin 1x1 kenan, matakinta kuma ya fi tsayi, kusan 0.206. Wannan shine santsin da ka karanta, kuma gaskiya ne, na sha ganinsa da idona a AFM, filaye kwance da matakai a jere gwanin kyau, amma sai daimon ɗin ya zama mai lafiya daga ciki sannan zaka same shi.

Matsalar tana farawa ne daga guga. Daimon yawanci da daimon ake goge shi, ana danna shi kan faifan baƙin ƙarfe mai juyawa da gudu wanda aka shafa wa garin daimon da mai. Idan an gama ido zai ga madubi, AFM ma zai iya baka kaushin nanomita kaɗan, amma ƙarƙashin madubin nan akwai ɓarna, ƙananan tsaga, da wuraren da layin kabon ya goce daga mazauninsa, da wani siririn ɓawo na kabon da ya rikiɗe ya bar tsarin daimon, kuma ɓarnar na iya nutsawa daga ɗaruruwan nanomita har zuwa maikiron, wato nanomita dubu. Ta fi muni in an goga ta ɓangaren da daimon ke gardama, dan a fuskar 100 akwai ɓangaren da yake goguwa cikin sauƙi akwai wanda yake da tauri, mai gugar da ya bi ta mai taurin tsattsaga wajen yake yi ba gogewa ba. Toh duk wannan ɓarnar a rufe take kaman gyambon da ya yi ɓawo. Filazma na zuwa sai ya ɗaye ɓawon cikin 'yan mintoci, daga nan ya fara bin tsagar nan yana faɗaɗa ta. Shi yasa da kace ramukanka wasu a jere suke nan take na gane, ka duba da kyau zaka ga layin nasu ya bi hanyar da gugar ta bi, tabon faifan ne ya fito fili.

Sai kuma gocewar layi wacce ke cikin kiristal ɗin tun lokacin da aka shuka shi, ba ta guga ba. Ka ɗauka kaman an jera bulo sai wani sahu ya ƙare a tsakiyar gini, wajen da ya ƙare ɗin nan akwai matsi, kuma matsin yana tafiya kaman zare daga cikin daimon har ya ɓullo a fuska. Inda ya ɓullo kabon ɗin wajen a takure suke, haidirojin na cire su da sauƙi, da zarar an samu ɗan rami kuwa an samu sabbin bakin matakai a zagaye, su kuma sai su dinga ja da baya ramin na faɗi yayin da tsakiyar ke ƙara nutsawa tana bin zaren. Abinda ke fitowa shine dala a kife. A fuskar 100 bakinta kusurwa huɗu ne, kuma duk ramukan suna kallon ɓangare ɗaya ba wanda ya karkace, sabida kiristal ɗin ne ke tsara su ba filazma ba. A fuskar 111 kusurwa uku suke fitowa. Ni in aka kawo min hoton ramuka ba a gaya min komai ba, daga siffarsu nake sanin wace fuska ce.

Ga wani abu da zai amfane ka yau ɗin nan ba sai ka sake kunna inji ba. Koma kan hoton AFM ɗinka ka ja layi ta tsakiyar ramuka kaman ashirin ka dubi gindinsu. Wanda gindinsa ke da tsini, zaren gocewar na nan yana ci gaba zuwa ciki, ko ka ƙara awa goma ramin zai ci gaba da zurfi. Wanda gindinsa ya baje ya zama fili, abinda ya jawo shi ya ƙare, ɓarnar guga ce marar zurfi ko wani ɗan datti, filazma ya cinye shi ya wuce sai faɗi kawai ramin ke yi. In mafi yawansu masu fili ne kuma a jere, laifin guga ne kuma yana da magani. In masu tsini ne a warwatse, ingancin daimon ɗin ne, kuma lissafa yawansu a kowane murabba'in santimita shine ma hanyar da ake auna yawan gocewar layi. Masu yin wannan da gangan sukan ƙara oksijin kaɗan, kashi 1 zuwa 2 ko sama da haka kaɗan, sabida haɗin haidirojin da oksijin ya fi ci da sauri kuma ya fi fito da ramukan sarai. Wannan ma yasa nake cewa ka gwada ko tukunyarka na shan iska ta wani wajen, dan ɗan yoyon da baka damu dashi ba oksijin yake shigo maka dashi, kana zaton haidirojin zalla kake yi alhali ba haka bane.

Akwai kuma kusurwar yanka, wacce yawancin ɗalibai basa tambaya lokacin da suke karɓar daimon, kuma wallahi tana da tasiri sosai. Ba a taɓa yanka daimon daidai cif a kan fuskar 100, kullum akwai 'yar karkata. Lissafin mai sauƙi ne, in karkatar digiri 1 ce faɗin kowane fili kusan nanomita 5 ne, in digiri 0.1 ce ya kai 50, in digiri 3 ce bai kai 2 ba. Idan matakan sun yi kusa da juna haka kuma ba gudu ɗaya suke ja da baya ba, sai na baya ya cimma na gaba su cunkushe waje ɗaya su zama babban mataki, sai kaga fuskar ta yi kunya-kunya kaman raƙuman ruwa, kaushin ya hau ko da babu rami ko ɗaya. Mai ƙaramar karkata shi ya fi bada shimfiɗaɗɗen fili a haidirojin zalla. Dan haka mutum biyu zasu yi aiki da wuta ɗaya zafi ɗaya lokaci ɗaya, wannan ya samu madubi wancan ya samu kunyoyi, su yi ta musu, alhali bambancin digiri biyu ne a yanka. Ka auna taka da eksire kafin komai.

Abu ɗaya da ya taɓa cin min wata guda cur shine ƙarfe. Na fito da wani samfur na ga ramuka da basu da siffar kirki, wasu ma kaman hanyar tsutsa suna tafiya a kwance, na canza zafi na canza matsi abin na nan. Sai da muka saka shi a maikiroskof na lantarki muka ga ɗan ƙwallo mai haske a ƙarshen kowace hanya, ashe ɓurɓushin ƙarfe ne daga hantsakin da nake ɗaukarsa dashi bayan na wanke. Nikel da baƙin ƙarfe da kobal in suka yi zafi suna narkar da kabon a cikinsu, haidirojin kuma na kwashe kabon ɗin daga ɗaya gefen a matsayin miten, sai ɗan ƙwallon ya zama kaman gara, yana ci yana tafiya. Ka tuna kuma faifan gugar kansa ƙarfe ne, daimon ɗin da aka yi da matsi da zafi shima cikin narkakken ƙarfe aka shuka shi. Shi yasa dafa samfur cikin asid mai zafi, salfurik da naitirik, kafin a saka shi a filazma ba al'ada bace kawai, wajibi ne, bayan nan kuma kar ƙarfe ya sake taɓa fuskar. Aikin asid ɗin nan a ƙarƙashin murfin zuƙe hayaƙi ake yinsa da kariyar ido da ta hannu, kuma ka samu wanda ya saba ya tsaya maka a karon farko, ina roƙonka.

In daimon ɗinka mai ƙwayoyi da yawa ne ba kiristal guda ba, labarin gajere ne, kusan kullum kaushi zai ƙaru. Iyakar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya cike take da kabon marar tsari dan haka ita ake fara ci ta zama kwari, sannan kowace ƙwaya fuskarta daban take nunawa sama kuma ba gudu ɗaya ake cinsu ba, sai gogaggen waje ya koma hawa da sauka. Mai ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi na nanomita ma ya fi, yana iya zama kaman soso. In kuma aka ɗora wa faifan wutar da ke janyo ayon, wato ƙwayoyin iska masu caji, su dinga dukan fuskar, har tsinaye kaman allurai ake samu, wasu da gangan suke yin hakan.

Yanzu tambayar da ya kamata ka yi wa kanka, me kake nema da filazman? Dan mutane na haɗa abu biyu da ba ɗaya bane, gyaran siffar fuska da rufe fuska da haidirojin. In rufewar kake so, mintoci 5 zuwa 15 a digiri 700 zuwa 800 sun isa, awa biyun da ka yi ba abinda suka ƙara maka sai ramuka. Kuma zaka san ta samu ba tare da wani babban inji ba. Ɗiga ruwa a kai, a fuskar da ta fito daga asid mai ɗauke da oksijin ruwan bajewa yake yi, a mai haidirojin kuwa sai ya dunƙule ya tsaya kaman ƙwallo kusurwarsa kusan digiri 90. Sannan ka bar shi ya sha iska na ɗan lokaci ka ɗora masa tsinke biyu na mitar auna wuta, daimon da kowa ya sani baya wuce da wuta zaka ga mita ta motsa. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe tsaye ina kallo. Landstrass da Ravi ne suka fara bada rahoton abin a 1989, sai a 2000 Maier da Ristein da Ley da abokan aikinsu a Erlangen ta Jamus suka bayyana dalilin, cewa haidirojin na ɗaga matakan kuzarin fuskar har siririn danshin da ke kwanciya a kai daga iska ya iya janye elektiron daga daimon, ya bar guraben da ke ɗaukar wuta a 'yan nanomitan sama, adadinsu kusan 10^12 zuwa 10^13 a murabba'in santimita. Akan wannan siririn layin Kawarada na jami'ar Waseda ya gina tiransistan daimon tun a shekarun 1990. Toh kaga inda siffar fuska ta shigo, tunda wutar a saman nan take gudu, duk rami da duk tarin mataki cikas ne a hanyarta, shi yasa mai yin tiransista ya fi kowa tsoron ya wuce lokaci. Mai aiki da cibiyoyin NV (wuraren da naitirojin ya maye gurbin kabon kusa da wani gurbin da ba kabon, masu bada haske) na kusa da fuska kuma ya sani cewa rufin haidirojin na kwace musu cajinsu su dushe, shi oksijin yake so a sama.

In kuma santsin kake nema da gaske, ga yanda zan yi in nine kai. Wannan samfurin kar ka yar, ka lissafa ramukansa ka san irin daimon da ake kawo maka. Na gaba, ka cire ɓarnar guga tukun kafin ya ga haidirojin, ko dai da guga mai laushi ta sinadari, ko da filazman agon da kilorin wanda yake cin fuska bai-ɗaya baya zaɓen rauni, ka cire maikiron biyu zuwa uku, sai asid, sai haidirojin. Ka fara da ƙaramar wuta da gajeren lokaci, minti 10, ka fito ka auna, ka mayar, kuma waje ɗaya zaka dinga aunawa da faɗi ɗaya, dan lambar kaushi ta murabba'in maikiron 1 da ta maikiron 50 ba a haɗa su, ƙaramin na iya faɗawa tsakanin ramuka ya nuna maka santsin da babu. Ka duba dukan fuskar da maikiroskof na Nomarski, mai amfani da haske, kafin AFM, cikin minti ɗaya zai nuna maka ramuka da layukan guga. Zafin kuma kar ka yarda da abinda na'urar ƙarƙashin faifan ta faɗa kawai, daimon ɗin ya fi faifan zafi, gefuna da kusurwoyi kuma sun fi tsakiya sabida filazma na taruwa a kansu, auna da fairomita, mai auna zafi daga hasken da abu ke fitarwa, ta taga, in ka ga samfurin ya tashi daga ja mai duhu ya koma ruwan lemo ka san ka haura inda kake zato, kuma cin yana ƙaruwa da sauri sosai da zafi.

Wata dabarar ita ce ka saka miten ɗan mitsitsi, ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. A nan shuka da ci suna kusan daidaita, kabon ɗin da ya sauka baya zama sai ya samu bakin mataki, sai matakan su dinga tafiya gaba suna shimfiɗa sabon fili maimakon ja da baya, da wannan hanyar ake samun filayen da suka fi kowanne kyau, sai dai tana cin lokaci kuma bata goge gocewar layin da ke ciki, zaren zai bi sabon layin ya hau. Sannan wajen kashewa, ka rage wuta a hankali ka bar haidirojin na gudana har samfurin ya huce sosai kafin ka buɗe, dan in iska ta same shi da zafin digiri 300 zuwa 400 oksijin zai fara ture haidirojin ɗin da ka sha wahalar ɗorawa. Ka turo min hoton layin da ka ja ta gindin ramukan da kusurwar yankan in ka auna, daga nan zamu san ko guga zamu gyara ko daimon ɗin za'a canza.